Buromaid, Aidaid ko Kuloraid: Wanne Za Ka Rataya wa Alkin Ɗinka?

Ranar da ɗalibin digiri na biyu a sashen kimiyyar sinadarai ya zauna rubuta jerin kayan da za a sayo masa, ranar ce yake yanke wa aikinsa hukunci ba tare da ya sani ba. Kuɗin bincike sau ɗaya ake fitar da shi, kayan kuma sai sun yi makonni a hanya kafin su iso Zariya ko Kano ko Yamai. In ya zaɓi abin da ba zai yi ba, zangon karatu guda ya salwanta. Cikin tambayoyin da ke tasowa a irin wannan zama akwai wadda ake ɗauka ƙarama: mutum yana so ya ɗaura wani gungu a jikin kabon mai tagwayen ɗauri, wato alkin, to wane mariƙi zai fara rataya wa kabon ɗin, buromin, aidin ko kulorin?

Na ce mariƙi domin aikinsa ke nan. Ba kasafai ake son ƙwayar halojin ɗin, wato buromin, aidin ko kulorin, ta zauna a cikin kayan ƙarshe ba. An sa ta ne don ƙarfen faladiyam, ko nikel, ko magniziyam, ya sami inda zai kama, ya ciro ta, a dasa wani kabon a gurbinta. Faladiyam a nan dillali ne: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, ya karkaɗe rigarsa ya koma neman wasu. Saboda wannan dillanci aka ba Richard Heck da Ei-ichi Negishi da Akira Suzuki lambar Nobel a 2010. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, tun daga tushe alkin mai buromin yana cikin labarin. Rahoton farko na Suzuki da Miyaura a 1979, daga Jami'ar Hokkaido, kan haɗa alkin mai boron da alkin mai halojin yake, ba zoben benzin biyu ba kamar yadda aka fi yi yanzu. Sonogashira ma a 1975 da alkin masu buromin ya gwada hanyarsa ta dasa kabon mai ɗauri uku, tare da benzin masu aidin.

Kafin a yi nisa, a raba gardama guda. Bainil buromaid daban, alil buromaid daban, ko da yake sunan "alkin mai buromin" ya rufe su duka. A alil, buromin yana kan kabon da ke maƙwabtaka da tagwayen ɗaurin, kuma da ƙyar yake riƙe: amin ko alkoksaid na zuwa zai ture shi, ba sai an kira faladiyam ba. Ruwa ne mai tafasa a wajen digiri 70, mai sa hawaye kamar an yanka albasa ɗari. A bainil kuwa buromin yana zaune a kan kabon mai tagwayen ɗaurin kansa, kuma ya kafe. Ka dafa shi da amin yini guda, ba abin da zai motsa, in ma wani abu ya faru sai dai ya zubar da HBr, wato haidirojin da buromin, ya koma alkayin mai ɗauri uku. Maganarmu a nan kan wannan mai taurin kai ce.

Duk bambancin ukun nan yana komawa ga ƙarfin ɗauri. A kan zoben benzin, inda aka fi auna abin, raba kabon da kulorin na cin kimanin kilokalori 96 a kowane mol, da buromin 81, da aidin 65. A kan alkin ma jerin bai sauya ba. Matakin farko na aikin faladiyam shi ne kutsawa tsakanin kabon da halojin, saboda haka aidin ne ke buɗe ƙofa da sallama ɗaya, buromin sai an ɗan ƙwanƙwasa, kulorin kuwa sai an zo da maƙeri. Wanda ya tsaya nan zai ce ai magana ta ƙare, a ɗauki aidin. Ba ta ƙare ba.

Aidaid ɗin alkin yana da saurin amsawa, sau da yawa a zafin ɗaki kawai, ba sai an kunna wuta ba. Wannan babbar ni'ima ce idan kayanka masu rauni ne, misali doguwar sarƙa mai tagwayen ɗauri uku ko huɗu a jere da zafi kaɗan zai murɗe ta. Shi ya sa masu gina manyan sinadaran halitta suke sonsa. Hanyar Nozaki da Hiyama da Kishi, wadda ke amfani da gishirin kuromiyam da ɗigon nikel don liƙa alkin a jikin aldihaid, ta fi tafiya da aidaid. Da ita Yoshito Kishi na Jami'ar Harvard ya harhaɗa halikondirin B a 1992, wani sinadari da aka fara samu a jikin soson teku, kuma daga wannan aiki maganin sankarar mama eribulin ya fito, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2010. In ka yi mataki ashirin kafin ka kai ga wani guntu, ba za ka yi rowar kuɗin aidin ba.

Amma raunin ɗaurin da ya sa shi saurin amsa wa faladiyam, shi ne ya sa yake amsa wa hasken rana. Kwalbar da ka ajiye fara tas, bayan 'yan kwanaki a kan benci sai ka tarar ta yi ja-ja ko ruwan ƙasa, aidin ya ɓalle. Ana adana shi a kwalba mai duhu, a nannaɗe da takardar alminiyam, a jefa guntun wayar jan ƙarfe a ciki, a sa a firji. Firjin kuma yana son wuta, kowa ya san halin da ake ciki. Ga tsada. Mafi yawan aidin na duniya daga wurare biyu yake fitowa, hamadar Atakama ta ƙasar Chile da ruwan gishirin ƙarƙashin ƙasa na Japan, musamman yankin Chiba. Ga kuma nauyin banza: a cikin bainil aidaid mafi sauƙi, ƙwayar aidin ita kaɗai ta kwashe 127 cikin nauyi 154, wato sama da kashi 80 cikin ɗari na abin da ka saya shara zai zama. A buromaid 80 ne cikin 107, a kuloraid 35.5 cikin 62.5. A gwajin miligiram hamsin ba wanda zai damu da wannan. A masana'anta kuwa akanta ne zai fara magana.

Kuloraid shi ne ɗan talakan gidan, mai arha da juriya. Ka ajiye shi shekara, yana nan yadda ka bar shi. Shekaru da yawa ana kallonsa a matsayin wanda faladiyam ba ya iya wa, sai daga 1998 lokacin da Gregory Fu da Stephen Buchwald suka nuna cewa in an raka faladiyam da manyan ligan na fosfin masu ƙiba da yalwar lantarki, wato ƙwayoyin da ke maƙale wa ƙarfen, yana iya fasa ɗaurin. Matsalar ita ce arhar da ka samu a kuloraid kana mayar da ita wajen sayen ligan, wasu cikinsu kuma iska na lalata su, sai an yi aiki ƙarƙashin naitirojin ko argon ba sakaci. Duk da haka alkin mai kulorin ya fi benzin mai kulorin sauƙin kai. Hujja tana cikin kantin magani: tabinafin, maganin makero da sauran cututtukan fata na fangas, akwai hanyar masana'anta da ke haɗa shi daga 1,3-daikuloropuropin, inda kulorin na ɓangaren alil ke tafiya da farko a wajen amin, sannan na ɓangaren bainil ya tafi a haɗin Sonogashira. Sinadari ɗaya, mariƙi biyu, kowanne da lokacinsa. Ina son wannan misali domin yana nuna wa ɗalibi bambancin alil da bainil fiye da shafi goma na bayani.

To buromaid fa? Tsakiya yake, kuma ina ganin ga yawancin ɗakunan gwajinmu shi ne ya kamata a fara da shi, sai in wani dalili ya kore shi. Yana amsa wa faladiyam na yau da kullum, mai ligan tiraifenilfosfin da kusan kowane sito ke da shi, in an ɗumama zuwa digiri 60 ko 80. Bai kai aidaid tsoron haske ba, ko da yake shi ma duhu da sanyi sun fi masa. Yana karɓar magniziyam cikin sauƙi: Henri Normant na Faransa ne ya gano a 1954 cewa in aka bar ruwan narkarwa na ita (ether) aka koma wanda ake kira THF, bainil buromaid na zama sinadarin Grignard, wato kabon haɗe da magniziyam, lami lafiya, abin da ya gagari na gabansa. Daga nan hanyoyi da dama suka buɗe, ciki har da hanyar Bartoli ta 1989 ta gina zoben indol daga naitirobenzin, wadda ke cin ninki uku na sinadarin Grignard ɗin.

Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika faɗa ba, alhali ga wanda samfurinsa sai an aika wani gari ko wata ƙasa kafin a auna, ta fi zinariya. Buromin na da aisotop biyu, wato ƙwayoyi masu nauyi daban, 79 da 81, kusan rabi da rabi. A na'urar auna nauyin ƙwayoyi, duk abin da ke ɗauke da buromin ɗaya yana fitowa da tagwayen tsini masu tsawo ɗaya, tazarar biyu tsakaninsu. Ka gan su, buromin na nan. Suka ɓace, haɗi ya yiwu, ko kuma aƙalla mariƙin ya fita. Kulorin na ba da uku bisa ɗaya. Aidin aisotop ɗaya gare shi, ba ya barin irin wannan sa hannu.

Sai dai ainihin inda zaɓin ke yankewa ba a saurin amsawa ba ne, a siffa ne. Tagwayen ɗauri ba sa juyawa, saboda haka gungun da ke kai biyu ko dai suna gefe ɗaya, abin da ake kira Z, ko sun yi hannun riga, wato E. Faladiyam galibi yana mutunta siffar da ya tarar. Ma'ana, siffar da ka ba alkin ɗinka mai halojin ita za ka gani a kayan ƙarshe, kuma raba E da Z bayan an gama azaba ce. Don haka tambayar gaskiya ita ce: da me zan fara, kuma wace siffa nake nema?

In aldihaid ne a hannunka kana son E, hanyar Takai ta 1986 tana ba da aidaid kai tsaye, da aidofom da kuromiyam kuloraid. Tana aiki, amma tana cin gishirin kuromiyam ninki shida ko fiye, gishirin ba ya shiri da iska, sharar kuma sai an san inda za a kai ta. In Z kake so, hanyar Stork da Zhao ta 1989 ita ma aidaid take bayarwa, a cikin sanyin digiri 78 ƙasa da sifili, wanda ke nufin busasshiyar ƙanƙara, wadda ba kowace rana ake samunta ba. Ɓangaren buromin yana da hanya mai sauƙin kaya: kabon tetaraburomaid da tiraifenilfosfin, dukansu daskararru masu zama a kwalba, suna mayar da aldihaid alkin mai buromin biyu a kan kabon ɗaya. Ramirez ne ya fara nuna wannan a 1962, Corey da Fuchs suka ɗora a kai a 1972 suka mai da shi hanyar yin alkayin. Wannan mai buromin biyu kadara ce. Faladiyam ya fi son ciro buromin da ya yi hannun riga da babban gungu, domin can ne babu cunkoso. Za ka iya dasa gungu ɗaya a wurin, ka bar ɗayan buromin don haɗi na biyu, ko ka maye shi da haidirojin ka sami Z-buromaid mai tsabta. Aidin ba ya ba ka wannan wasa cikin sauƙi, domin alkin mai aidin biyu a kabon ɗaya ba shi da daɗin ajiya.

Af, wannan gungu mai buromin biyu da yawanmu muna kwana a ƙarƙashinsa. Deltametirin, maganin da ake jiƙa gidan sauro da shi, wanda ƙungiyar Michael Elliott ta samar a cibiyar Rothamsted ta Ingila a farkon shekarun 1970, yana ɗauke da shi a wutsiyarsa. Ɗan'uwansa fametirin kulorin biyu gare shi a daidai wurin. A nan halojin ba mariƙi ba ne, ɗan gida ne: yana cikin abin da ya sa maganin ke jure rana, ba kamar na furen fairetiram na asali ba da ke lalacewa cikin ɗan lokaci.

In kuwa alkayin ne a hannunka, akwai wani abin sha'awa da Herbert Brown da abokan aikinsa suka nuna a 1973. Ka ɗora boron a kan alkayin, ka sami alkin mai siffar E. In ka ba shi aidin da soda, aidin zai zauna daidai inda boron yake, ka sami E-aidaid. In buromin ka ba shi, sannan sodiyam metoksaid, sai siffar ta kife ka sami Z-buromaid. Tukunya ɗaya, ƙofa biyu. A irin wannan hali ba kai ke zaɓar halojin ba, siffar da kake nema ce ke zaɓar maka. Sinadarin zakoniyam na Schwartz, na 1974, yana ba da E da ko wanne, aidin ko NBS mai ba da buromin, amma yana da tsada kuma ba ya son danshi.

In kiton ne, labarin abiraterone, maganin sankarar furostet (prostate) ta maza da aka ƙirƙiro a Cibiyar Binciken Sankara ta Landan a farkon shekarun 1990, ya isa darasi. Sun fara da wani mariƙi na huɗu da ban ambata ba, tirifilet, wanda ake yi kai tsaye daga kiton. Da aka zo yin mai yawa, tsadar kayan tirifilet da wahalar tacewa suka sa suka koma ga aidaid ta hanyar haidirazon irin ta Barton. Kiton ba ya ba da buromaid da sauƙin da yake ba da waɗannan biyun, kuma wannan gurbi ne na gaske a ɓangaren buromin.

Ga wanda yake so ya koyi hannu kafin ya taɓa kaya masu tsada, babu kamar sinamik asid. Ka ɗora masa buromin, ka sami daskararren daiburomaid. Ka dafa wannan da gishirin kabonet a cikin asiton, iskar kabon ta fita, buromin ɗaya ya fita, ka sami Z-buromostairin kusan zalla. Ka yi dafuwar a cikin ruwa, sai E ya rinjaya. Tun 1953 aka fayyace dalilin. Samfurin ruwa ne mai ƙamshin fure, har masu sabulu sun taɓa amfani da shi, yana tafasa sama da digiri 200, don haka ba ya gudu. A na'urar NMR mai nuna tsarin ƙwayoyi, tazarar haɗin haidirojin biyun tana kusan Hz 14 ga E, kusan 8 ga Z, ba sai an yi musu ba. A kula da abu ɗaya: Z-buromaid yana saurin zubar da HBr in alkali ya yi ƙarfi, ya koma alkayin. Wanda ya zuba soda mai kauri a haɗin Suzuki na Z-buromaid yana iya tarar da rabin kayansa sun sauya hanya. Kabonet ko fosfet sun fi aminci. Wasu ma suna juya wannan rauni ya zama dabara, su dafa cakuɗen E da Z da soda don Z ya ƙone ya bar E.

Duk yabon nan da na yi wa buromaid bai haɗa da ƙaramin cikinsu ba, bainil buromaid mai kabon biyu. Yana tafasa a ƙasa da digiri 16 kaɗan. In ba asubahin hunturu ba, a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi iska ne, ba ruwa ba. Hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, ta sa shi a rukunin 2A, na abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa sankara. Yayansa bainil kuloraid, wanda ake yin robar PVC da shi, yana rukuni na 1 tun bayan da aka gano wata sankarar hanta da ba a saba gani ba a jikin ma'aikatan wata masana'anta a Louisville ta Amurka a 1974. Ɗakin da akwatin zuƙe hayaƙinsa ke tsayawa duk lokacin da aka ɗauke wuta ba wurin buɗe silindar wannan iska ba ne. In gungun bainil kawai kake son dasawa, ka juya cinikin: halojin ya zauna a kan ɗaya ɓangaren, bainil ɗin ya zo da boron. Fotasiyam bainil-tiraifuloroboret, wanda Gary Molander ya yayata a farkon shekarun 2000, farin gari ne da ake aunawa a sikeli a sararin ɗaki. In kuma Grignard ne dole, ana sayar da shi a narke cikin THF, sai dai a auna ƙarfinsa kafin amfani, domin tafiya da zafi suna rage shi.

Haka nan batun musanya buromin da litiyam. A takarda hanya ce mai kyau: ninki biyu na tashiyari-butil-litiyam a cikin tsananin sanyi, siffa ba ta sauyawa, abin da magniziyam ba koyaushe yake tabbatarwa ba. Amma sinadarin yana kamawa da wuta da zarar ya shaƙi iska. A watan Disamba na 2008, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wata matashiyar mai bincike tana ɗibarsa da sirinji don ta haɗa shi da bainil buromaid, sirinjin ya tsinke, wuta ta kama tufafinta, ta rasu bayan kwana goma sha takwas. A nan aidaid ya fi buromaid, domin sau da yawa yana musanya da butil-litiyam na yau da kullum, wanda shi ma ba abin wasa ba ne amma bai kai wancan ba. In shirinka ya bi ta litiyam, wannan kaɗai ya isa ya sa ka biya kuɗin aidin.

Akwai kuma hanyar da ke rage zafin zaɓin gaba ɗaya. Tun 2002 Klapars da Buchwald suka nuna cewa da ɗan kofa aidaid, wato gishirin jan ƙarfe, da ligan na daiamin, da sodiyam aidaid, ana mayar da buromaid na benzin ya zama aidaid, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa alkin ba tare da siffa ta sauya ba. Ke nan za ka iya yin buromaid, ka ajiye shi a kabad cikin kwanciyar hankali, ka gwada haɗinka da shi a miligiram hamsin. In ya tafi, shi ke nan. In bayan dare guda a digiri 80 farantin TLC, wanda ake duba ci gaban haɗi da shi, ya nuna kayan farko na nan zaune, ko zafin ya fara cinye ɗaya ɓangaren, sai ka ɗebi iya abin da kake bukata ka mayar da shi aidaid ana gobe za a yi haɗin, ka nannaɗe filas ɗin da takardar alminiyam, ka yi amfani da shi kafin ya sauya launi.